Zagaya ruwa da ƙafa a yankin Tiga da Rurum: ta gaɓa za a bi ko ta kan dutse?

Ɗan Bebeji:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Matasa ne su goma suke son fita da ƙafa, su zagaya ruwa, su hau dutse, su dawo inda suka tashi ba tare da sun maimaita hanya ba. Hankalinsu ya fi karkata ga dam ɗin Tiga da duwatsun Rurum a jihar Kano. Wane wata ya fi dacewa, awa nawa za a ware, kuma me za a riƙa? Masu sani a taimaka.

Malamin Taswira:
Wa alaikumus salam ƙanena. Da farko a cire maganar zagaya Tiga gaba ɗaya. Madatsar da aka gina daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, bangonta kaɗai ya kai kilomita 6, ruwan kuwa idan ya cika yana shimfiɗe a kan kusan murabba'in kilomita 178. Wannan ba tafiyar yini ba ce.

Abin da ke yaudarar mutane shi ne suna ɗaukar ruwan dam kamar tafkin bayan gari, mai zagaye kamar faifai. Ba haka yake ba. Kogi aka tare, ruwan ya koma baya ya cika kowane kwari da kowace ƙorama da ke zuba a cikinsa, sai bakinsa ya zama kamar yatsun hannu. Za ka tsaya a nan kana hango wancan tsallaken, bai fi mita 300 ba, har kana jin muryar mai wanki, amma kafin ka je can sai ka bi lungun har ƙarshensa ka dawo, kilomita biyu ko uku sun tafi. Lungu huɗu irin wannan sun cinye maka safiya.

Zaɓi biyu ne. Ko a tsara zagayen da zai taɓa ruwa ta gefe ɗaya ya dawo ta kan dutse, ko a nemi ƙaramin ruwa: Ruwan Kanya a ƙasar Rano, Bagauda, dam ɗin Ayuba na Kazaure, ko Warwade kusa da Dutse. Ga masu fita karon farko kada zagayen ya wuce kilomita 10 zuwa 12.

Lissafin lokaci kuwa ga shi. A turba mai kyau ayari yana cin kilomita 4 a awa. A yashi ko kan kunyoyin gona, 3. Duk hawan mita 300 a ƙara rabin awa. A ƙara hutun minti 10 a kowace awa. Kilomita 12 da hawan mita 300 ya zama awa 3 da rabi na tafiya zalla, da hutu awa 4, kuma da yake mutum goma ne, a ƙara awa guda, don ayari da saurin na baya yake tafiya. Awa 5 ke nan.

Jikan Masunta:
Allah ya gafarta Malam, lissafinku daidai ne, amma akwai abin da taswira ba ta faɗa. Hoton tauraron ɗan'adam da ke Google Maps an ɗauke shi ne a rana guda, ruwan kuwa kullum motsi yake. A watan Satumba yana cike har gindin itatuwa. Daga nan ana sakinsa zuwa gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, rana ma tana shan nata, zuwa Afrilu ya ja baya da nisa. Turbar da waya ta nuna maka a tudu za ka iya tarar da ita a ƙarƙashin ruwa, ko wurin da ta nuna ruwa ka tarar da gonar albasa.

Babban haɗarin yana inda ruwan ya janye. Lakar wurin tana bushewa ta sama, ta tsattsage, ta yi fari kamar fako. Ɓawon bai fi kaurin tafin hannu ba, ƙarƙashinsa taɓo ne da zai kai gwiwa ko cinya, musamman a bakin ƙorama inda ruwa ke zubar da abin da ya kwaso. Alamarsa: tsagar tana da faɗi, cikinta baƙi ne mai danshi, kuma ba sawun dabba a kai. Inda shanu suka kauce, ku ma ku kauce. Na gaba ya riƙa soka sanda. Idan ta shige fiye da taƙi ɗaya ba tare da an danna da ƙarfi ba, a koma baya.

Wanda ya riga ya nutse kada ya yi ta fizgar ƙafa, ƙara shigewa zai yi. Ya cire jaka, ya kwanta da baya don nauyinsa ya bazu, ya zaro ƙafa ɗaya a hankali sannan ɗayar. Masu taimako su tsaya a busasshen wuri su miƙa masa sanda ko igiya. Kada su bi shi su zama biyu.

Don haka ni a ganina kada a bi bakin ruwa. A bi layin da ruwa ke tsayawa idan ya cika. Ana gane shi da tarin karmami da busasshen kara da ruwa ya tura ya bari, kuma kusan ko'ina akwai turbar masunta ko ta masu itace a samansa kaɗan.

Tsohon Sikawut:
Na yarda da maganar laka. A kan wata kuwa, ni ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba na zaɓa. Ruwa a cike, ƙasa shar, sama garau, daga kan dutse kana hango gonakin dawa har iyakar ganinka. In don kallo za a fita, lokacin ke nan.

Baba Maharbi:
Yaro, kyau kam akwai shi, amma ba da baƙin daji za a shiga ba. A Oktoba gamba ta fi mutum tsayi, ba ka ganin inda kake taka ƙafa, ba ka ganin na gabanka. Ƙoramu ba su gama ƙafewa ba. Raɓa tana jiƙa mutum har ƙugu kafin hantsi. Ƙarangiya ta nuna, tana kama wando da safa. Macizai kuma lokacin ne suke cikin gonaki suna bin ɓeraye. Ni Disamba ko Janairu nake cewa: ciyawa ta kwanta, an kwashe amfani, ƙasa a buɗe, ga sanyi mai sa tafiya ta yi daɗi.

Tsohon Sikawut:
Baba, a gafarce ni, amma a Janairu hazo yakan rufe komai. Mutum ya sha wahalar hawa ya kai ƙoli, ko ruwan da ke gindinsa ba ya gani sosai. Ga iska tana tsage leɓe, ga masu asma.

Malamin Taswira:
Kowannenku da gaskiyarsa, shi ya sa tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba ta fi. Hadari ya ɗauke, ƙoramu sun ragu, ruwa bai ja baya sosai ba ballantana laka ta yi yawa, hazo mai kauri kuma galibi bai sauka ba tukuna. Abin da kowa zai yarda da shi: Maris, Afrilu da Mayu a bar su. Zafi yana haura digiri 40, dutse kuwa yana shan rana ya mayar wa mutum da ita ta ƙasa, har tafin takalmi yana laushi.

Wanda ya nace sai da damina, ya san abu biyu. Falalen dutse idan ya jiƙe, baƙaƙen zanen nan da ke gangarowa a jikinsa gansakuka ce, santsinta kamar na kuɓewa. Sannan aradu: idan an ga walƙiya a fara ƙirga. Duk sakan 3 kafin a ji tsawa kilomita ɗaya ne. In bai kai sakan 30 ba, a sauka daga dutse, a bar bakin ruwa, kada a fake a gindin itacen da ke tsaye shi kaɗai.

Manomin Rani:
Tunda Nuwamba aka tsayar, ku sani lokacin ne ake bin ruwa da shuka. Duk inda ya janye ana yin komai na albasa, ana dashen tumatir da tattasai. Koman irin albasa ba shi da tsayi, daga nesa kamar ciyawa yake, mutum goma in suka ratsa ta ciki sun kashe wa mai shi shekara. A bi kan iyakar gona a layi ɗaya. Tiyon injin ban-ruwa a tsallake shi, kada a taka, yana fashewa a mahaɗa. A yi sallama, a tambayi hanya. Mai gona ya fi waya sanin inda ake ƙetare ƙorama a makon nan.

Sai babbar magudanar da ke ɗaukar ruwan Tiga zuwa gonaki. Ruwanta yana gudu fiye da yadda ido ke nunawa, gefenta ga gangara ga santsi, wanda ya faɗa ba ya samun abin kamawa. Ba a wanke ƙafa a ciki, ba a ƙetare ta sai ta gada, ko da gadar na da nisa.

Anti Nas:
Sannunku da ƙoƙari. Bari in shigo ta ɓangaren lafiya, don a nan aka fi yin sakaci.

Ruwan sha: kowane mutum rabin lita a kowace awa in da sanyi, in rana ta buɗe har kusan lita. Tafiyar awa 5 a Nuwamba, lita 3 ga kowa, wato ledar fiya wata 6. Gara a zuba a gora, leda tana fashewa a jaka. A riƙa kurɓa tun kafin ƙishi ya zo. Fitsari in ya koma ja-ja kamar shayi, ruwan jiki ya yi ƙasa. A tafi da ƙunshin ORS ko da guda 5. In babu, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara jiri da ciwon kai da tashin zuciya a kai shi inuwa, a sassauta masa kaya, a jiƙa masa jiki, a yi masa fifita. In ya fara surutai marasa kan gado ko ya kasa gane mutane, wannan bugun zafi ne, asibiti kai tsaye, ana sanyaya shi a hanya.

Na biyu, tsargiya, wato fitsarin jini. Kwantaccen ruwa mai ciyayi a gefe shi ne gidan ƙananan katantanwar da ke ɗauke da ita. Ba sai an sha ba. Tsutsar da ke fita daga katantanwar ido ba ya ganinta, ta fata take shiga, kuma ta fi yawa a ruwa daga hantsi zuwa azahar, daidai lokacin da matafiyi ya gaji yake son ya tsoma ƙafa. Jinin ba ya fitowa sai bayan wata biyu ko uku, mutum ya riga ya manta ya shiga ruwa. Don haka ba wanka, ba iyo, alwala ma a yi da ruwan da aka zo da shi. Wanda ya faɗa ruwa bisa kuskure kada ya ruga ya sayi maganin tsargiya na praziquantel washegari, maganin ba ya kashe tsutsar tana ƙarama. Ya jira kamar wata uku, ya je a gwada fitsarinsa, a ba shi maganin gwargwadon nauyinsa.

Ɗan Bebeji:
Anti, Allah ya saka. To maganar maciji fa? Wasu cikinmu sun ce a tafi da igiyar roba da reza saboda ɗauri da tsaga.

Anti Nas:
A bar su a gida, ƙanena. Macijin da ya fi yi wa mutane illa a irin wannan ƙasa kububuwa ce. Ƙarama ce, da wuya ta wuce kamu ɗaya da ɗan wani abu, amma dafinta hana jini daskarewa yake yi. Ka ga in aka tsaga wurin an buɗe ƙofar da ba za ta rufu ba. Ɗauri mai tsanani kuma yana kashe naman ƙafa, har ta kai ga yankewa. Ba tsotsa, ba ƙonawa. A cire zobe da agogo da takalmi kafin kumburi, a ɗora ƙafar a kan sanda a naɗe ta sako-sako yadda ba za ta motsa ba, a ɗauke shi, kada ya taka. A duba agogo a riƙe lokacin. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac, suna ƙara zubar jini. Farasitamol kaɗai.

Abin da ke ruɗar mutane shi ne wanda kububuwa ta sara yakan ji sauƙi-sauƙi a ranar farko, sai a ce ya warke, kwana ɗaya ko biyu jini ya fara fita ta dasashi. A asibiti ana zuba jininsa a kwalba mai tsabta a ajiye minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga, sai allurar kashe dafi. Tun kafin ranar fita a binciki asibitin da ke da allurar, don ba kowanne ke ajiye ta ba.

Baba Maharbi:
'Yata, mu da ɗauri muka taso, amma hujjarki ta jini ta shiga kunne, ba zan ja ba. Ni dai in ƙara da yadda ba za a kai ga saran ba. Kububuwa in ta ji mutum tana naɗewa tana goga jikinta, ka ji "shhh" kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi. In ka ji haka tsaya cak, nemo ta da ido, sannan ka ja baya. Kasa ita ba ta gudu, kwanciya take a turba, launinta ɗaya da busasshen ganye, ita ake takawa. A kan dutse kada hannu ya shiga inda ido bai riga shi ba. Gungume ko dutse a kan hanya, a hau kansa a leƙa, kada a tsallaka kai tsaye. Kada a ɗaga dutse don a zauna.

Amma abin da na fi tsoro a duwatsu irin na Rurum ba maciji ba ne, zuma ce. Tana zama a tsagar dutse da kogon kuka. Kada kowa ya shafa turare ranar, kada a hura wuta a gindin dutse, kada yara su yi jifa cikin kogo don su ga rema ta fito. In kun ga ƙudan suna shige da fice ta rami ɗaya, ko ɗaya ya fara bugun goshin mutum, ku juya ba hayaniya. In ta riga ta taso, a rufe fuska da riga a yi nisa ta hanyar da aka zo. Mafi yawan raunin ba harbin ba ne, gudun da ake yi a kan dutse ne.

Tsohon Sikawut:
Ga kaya a taƙaice. Kambas mai tafin roba mai zane, wanda aka riga aka saba da shi. Sabon takalmi bororo ne kafin kilomita biyar. Silifas da takalmin fata mai sulɓi ba sa hawa dutse. Safa biyu, a sauya in ta jiƙe. Da zarar wuri ya fara zafi a dunduniya a tsaya a manna filasta, kada a jira ya tashi. Dogon wando mai kauri a cusa cikin safa, riga mai dogon hannu, malafa. Sanda mai kaiwa ƙirji. Tocila ko da da safe za a dawo. Usur guda biyu, na gaba da na baya, busa uku alamar a tsaya. Igiya mita 10. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli. Jaka kada ta wuce kilo 6. Ledar da aka zo da ita a koma da ita, shanu suna haɗiye ta.

Hawan falale: a taka da tafin ƙafa gaba ɗaya, a miƙe tsaye, kada a rungumi dutse, don in ka kwanta a jikinsa nauyi yana barin ƙafa sai ta zame. A hau a karkace. Irin wannan dutse yana ɓare ɓawo kamar albasa, in ka buga sanda ka ji ƙarar ganga, ɓawon ya rabu da uwar, kauce masa. Sauka ta fi hawa wuya, saboda haka duk inda mafi rauni a ayari ba zai iya saukowa ba, kada kowa ya hau.

Ɗan Bebeji:
To in lungu ya yi tsawo, ba za a iya yanke shi da kwalekwale ba?

Jikan Masunta:
Ana yi, amma da sharaɗi. Ta hannun sarkin ruwa ko masu fiton mashigar, ba yaron da aka gani da jirgin babansa ba. Ƙaramin kwalekwalen kamun kifi na mutum biyu ne zuwa uku, ku goma sai a yi sawu huɗu. Bayan kowa ya zauna, gefen jirgi ya rage aƙalla taƙi ɗaya a saman ruwa. A cire jaka daga baya, a zauna a ƙasa, ba tsayuwa don hoto. Da safe ruwa ya fi kwanciya, iska takan tashi daga baya ta kawo igiya. Akwai kuma kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, suna nan ƙarƙashi, ɗan wurin ne kaɗai ya san inda suke. Ba wanda ya manta da jirgin da ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai cikin 2021, aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. In ba rigar kariya kuma akwai wanda bai iya ruwa ba, a zagaya da ƙafa.

Baba Maharbi:
Saura izini. Kwana biyu kafin ranar, mutum biyu su je su gaida mai unguwa ko dagacin ƙauyen da za a tashi, su faɗi ko su wane ne, su nawa, ta ina za su bi. Baƙin samari goma da jakunkuna a bayan gari, a irin wannan zamani, in ba a san da su ba 'yan sintiri za su tare su, kuma da gaskiyarsu. A roƙi mai unguwa ya haɗa ku da ɗan gari, a biya shi. Bangon dam da ƙofofin ruwa suna da masu gadi, ba a ɗaukar hoto sai an tambaya. Dajin Falgore kuwa kada a doshe shi ba tare da jami'ai ba. In turba ta bi ta ruga a yi sallama daga nesa a jira a kama karnuka, kada a ratsa tsakiyar garke, kada a shiga tsakanin saniya da ɗan maraƙinta. Mashayar da mata ke wanki a ba ta tazara.

Tsohon Sikawut:
Ni zan fara da bakin ruwa, don tsuntsaye da sassafe suke. Belbela, zalɓe, kirinjijiya, har dinya in an yi sa'a. In rana ta ɗaga sun watse.

Malamin Taswira:
A nan kam na saɓa maka. Dutse za a fara, jiki da ƙarfinsa, dutsen bai ɗau zafi ba. A Nuwamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 da rabi, a tashi a lokacin, zuwa 8 da rabi ana sama, zuwa 9 da rabi an sauko, sauran hanya a yi ta ƙarƙashin kanya da ɗorawa a gefen ruwa. In aka juya tsarin, ƙarfe 11 za ta yi ana kan dutse, ga gajiya ga rana. In da hali a zaɓi dutsen da ke gabas da ruwa, rana tana bayanku, ruwan ya fito muku fes ba ƙyalli a ido. A kunna manhajar da ke zana sawu a waya biyu, a sauke taswirar tun a gida, don bayan dutse sabis yakan ɗauke. A kuma yanke tun farko: in ƙarfe 9 da rabi ta yi ba a kai rabin hanya ba, a juya ta inda aka fito.

Jikan Masunta:
Mai son tsuntsaye ya kwana a ƙauyen, ya je gaɓa bayan sallar asuba lokacin da masunta ke duba taru, minti 30 ya ishe shi, sannan ya tarar da ayari a gindin dutse. Karfasar da za a soya muku in kun dawo ma a lokacin ake cinikinta, don zuwa hantsi 'yan sari sun kwashe.